Me ya sa kwaɗi ba sa hana ni barci, amma gurup yana hana ni?

Tela na Wadata:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona da gidan da nake haya duk suna kusa da tashar Wadata a Yamai. Tun asuba ake tada hayaniya: 'yan kamasho na kiran fasinja, 'yan kabu-kabu na danna oda, mai walda na yankan ƙarfe, ga injin niƙa a bayan gida. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kowa sai ya tada gurup, injin ba da wuta, har da ni. Yanzu kuma bazara ce, ɗaki ba ya kwantuwa, a tsakar gida muke shimfiɗa, ƙarar titi na iske mu har kan tabarma. Ina tashi da nauyin kai, raina a ɓace, in yi ta yi wa yaran shago faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bara da damina na kwana a garkar kawuna a Gudel, bakin kogin Isa. Kwaɗi sun raba dare suna kuka, ƙararsu ba ta gaza ta gurup ba, amma na yi barcin da na daɗe ban samu irinsa ba. Ina bambancin yake? Kuma da gaske ne hayaniya na kawo hawan jini? Shi ya yi ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Yaya mai aikin jinya:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Mutum in ya yi barci ido ne ke rufewa, kunne yana nan yana gadi. Duk ƙarar da ta faɗo kwatsam, kamar oda ko babur da aka murɗa wa wuta, ƙwaƙwalwa na ɗaukarta alamar haɗari. Sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. Wannan yana faruwa ko ba ka farka ba, shi ya sa za ka kwana a kwance ka tashi a gajiye. Kukan kwaɗi da gudun ruwa kuwa a jere suke tafiya, ba su da firgitarwa, har ma suna rufe wasu ƙananan ƙararraki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar cikin ɗakin barci kada ta wuce desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). A 2018 ta ba ƙasashen Turai shawara cewa ƙarar motoci da dare ta tsaya ƙasa da 45. Hira ta yau da kullum wajen 60 take, ka ga ke nan inda bakin tasha zai kai. Bincike ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa cikin ƙarar titi da ciwon zuciya. Amma kada ka ɗora wa hayaniya komai, gado da gishiri da ƙiba suna da nasu kaso. Tunda mahaifinka ya yi fama da shi, don Allah ka je a auna maka tansiyon, wato awon hawan jini, cikin satin nan, ba sai ka ji ciwo ba.

Malam mai ritaya, Tawa:
Ɗana, bayanin ɗiyata ya yi, sai dai ina da ƙari. Ba kowane kukan daji ke kwantar da rai ba. Iyayenmu a Adar in sun ji kura da dare ba sa runtsawa, saboda awaki. Sauro ɗaya a kunne ya ishe ka. Abin da ƙara ke gaya maka shi ne magana. Kukan kwaɗi ga ɗan manomi albishir ne, ruwa ya sauka, gero zai yi. Kukan kurciya da hantsi yana nufin gari lafiya. Gurup kuwa me yake tuna maka? Kuɗin mai da ɗinkin mutane da ba ka gama ba.

Ina jin takaicin dajin dogon yaro da aka fara shukawa kewaye da Yamai tun 1965. Lokacin da nake karatu a can, in ka shiga sai inuwa da kukan tsuntsaye. Yau an cinye da yawa daga cikinsa da gine-gine, kuma inda aka sare itace tsuntsu ba ya zama. Mu nan in kaina ya ɗauki zafi, tabkin Tabalak nake nufa in wuni ina sauraron tsuntsayen ruwa.

Ɗaliba daga Harobanda:
Malam ya yi gaskiya. A 2010 an yi gwaji a Suwidin: an wahalar da mutane da lissafi, sannan aka riƙa kunna musu sautin ruwa da tsuntsaye ko ƙarar motoci. In sun ji ruwa da tsuntsaye jikinsu ya fi saurin saki. Ni a waya nake kunna sautin ruwan sama lokacin jarrabawa, yana taimaka mini.

Yaya mai aikin jinya:
Ƙanwata, yana da kyau, amma kada ki kwana da abin sauraro a kunne kina ƙure murya don ki danne ta waje. Ƙarar da ta kai desibel 85, in ana shan ta awa 8 kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Tela, wannan ya fi shafar mai waldarku da yaransa. A kantin magani ana samun abin toshe kunne.

Tela na Wadata:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, gobe in sha Allah zan je awon. Gurup ɗina a bakin ƙofa yake, daf da inda yara ke ɗinki. Zan ƙara waya in mayar da shi bayan katanga, a fili, don hayaƙinsa ma ba abin wasa ba ne. Mai walda kuma mutumin kirki ne, zan same shi bayan la'asar mu yi magana ko zai riƙa barin yankan ƙarfe in an yi isha'i. Malam, kawuna ya ce in riƙa zuwa garka duk Juma'a da yamma ina taya shi ban ruwa, na amsa masa.