Kwamfutata tana zafi tana mutuwa da kanta, in buɗe ta da hannuna?

Ɗalibar Lissafi:

Assalamu alaikum jama'a. Laftof gare ni, ta kai shekara biyar a hannuna, Windows 10 ce a kai. Kwanan nan da na kunna bidiyo ko na buɗe shafuka da yawa sai fanka ta hau gurnani, gefen hagu ya yi zafin da ba ya taɓuwa, can kuma ta ɗauke ɗif. Na saka manhajar Core Temp, firosesa yana kai digiri 95 kafin ta mutu. An ce mini man da ake shafawa a kan firosesa don ya taimaka wajen fitar da zafi ne ya bushe, in sake shi. Ina da ƙaramin sukudireba, hannuna kuma ba ya rawa. Af, maus ɗin jikinta ma ya yi tauri, da ƙyar yake dannuwa, amma wannan ba damuwa, ina da na waje. In buɗe?

Mai Sukudireba:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki fara da mai, fara da ƙura. Akwai bututun jan ƙarfe da ke kwaso zafi daga firosesa ya kai shi bakin tagar da iska ke fita, a nan akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙoran matsefi. Tsakanin fanka da waɗannan ƙarafan ƙura ke taruwa ta dunƙule ta toshe hanya. Fanka na ta juyi, iska ba ta wucewa. Sa hannunki a bakin tagar lokacin da take gurnanin, in iskar ba ta da ƙarfi, kin gano ɓarawon.

Ki kashe ta gaba ɗaya, ki cire caja. Kafin ki kwance komai ki zana bayan kwamfutar a takarda, duk notin da kika cire ki ɗora shi a gurbinsa kan zanen, domin ba tsawonsu ɗaya ba. Dogo ya shiga ramin gajere, sai ya huda bod, wato babban faifan da kayan cikin ke kai, ko ya ɓullo ta sama. Duba ƙarƙashin robobin ƙafa, wasu kamfanonin a nan suke ɓoye noti. Murfin kuma da tsohon katin roba za ki bi gefensa a hankali, ban da wuƙa. Da kin buɗe, abu na farko ki zare soket ɗin batir daga bod, ki danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan ki taɓa wani abu.

In za ki hura iska, ki tare fankar da yatsa. Barin ta tana juyawa da ƙarfin iska yana iya lalata ta. Burushi mai laushi ya isa ga sauran.

Mai sai in zafin bai sauka ba. In ya kama: notocin kan bututun yawanci suna da lamba, 1, 2, 3, 4, bi su a jere. Goge tsohon man da isopropyl, wani irin sifirit na goge kayan lantarki, mai kashi 90 ko sama, ki sa ɗan ɗigo a tsakiya, matsewa ce za ta baje shi. In kin ga wasu 'yan faifai masu laushi a kan ƙananan kayan da ke gefe, bar su yadda suke, mai ba ya maye gurbinsu.

Abu Uku:

Ni dai kafin a kai ga sukudireba, a ina kike ɗora ta? In kan katifa ko bargo ne, kin toshe ramukan da take shaƙar iska ta ƙasa. Kuma danna Ctrl, Shift da Esc tare ki ga ko wata manhaja ce ta riƙe firosesa a kashi 100 ba ki sani ba.

Tsohuwar Injiniya:

Ku dakata tukuna. 'Yata, abin da kika ce ba damuwa shi ne ya tsaya mini a rai. A yawancin laftof na yanzu batir yana kwance daidai ƙarƙashin wannan maus ɗin. Batirin lithium in ya tsufa, ga zafi kullum, iskar gas ce ke taruwa a cikinsa ya kumbura, ya riƙa tura maus ɗin daga ƙasa har ya daina dannuwa. Ajiye ta kan tebur ki gani: tana girgiɗi? Murfin ƙasa ya ɗaga a wani gefe? Maus ɗin ya fi jikin kwamfutar tudu?

In haka ne, daina caji tun yau. Kar ki danna shi, kar ki lanƙwasa, kar wani abu mai tsini ya kusance shi, domin in ya huje yana iya kamawa da wuta. In da noti aka ɗaure shi, za ki iya cirewa da kanki a hankali, ki nemo sabo mai lambar da ke rubuce a jikinsa. In kuwa da gam aka manne shi, wannan ba aikin gida ba ne, kai wa masu gyara. Tsohon kuma ba a jefa shi a shara, akwai masu karɓar irinsu. Kafin komai ki kwashe fayilolinki a filash.

Ɗalibar Lissafi:

Mama, Allah ya saka da alheri, gaskiyarki. Na buɗe yadda Yaya Mai Sukudireba ya ce, batirin ya tasa sosai, ledar jikinsa ta miƙe tam. Da noti aka ɗaure shi, na cire na ajiye a kan tayil nesa da kaya. Ƙurar bayan fanka kuwa a dunƙule ta fito. Yanzu da caja kaɗai take aiki, zafin bai wuce digiri 70 ba ko da bidiyo, maus ɗin ma ya koma dannuwa. Man ban taɓa shi ba. Sai dai noti ɗaya ya rage a kan takardar, na rasa raminsa. Yaya, in sake buɗewa ne?

Mai Sukudireba:

Ɗauko hotonsa ki turo, tare da hoton bayan kwamfutar. In gajere ne mai faɗin kai, wataƙila na batirin ne, ajiye shi sai sabon ya zo.