Jajibirin sankara ko hadarin sankara?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina neman Hausar kalmar da likitoci ke cewa precancerous, wato tsokar da ta fara sauya kama amma ba ta zama sankara ba tukuna.

2/ Misalin da ya kawo ni nan shi ne cutar Baret, mai sunan likitan tiyata Norman Barrett da ya yi rubutu a kanta a 1950. Idan ƙwannafi ya daɗe, ruwan tsamin ciki na ta ƙona ƙasan bututun abinci, sai shimfiɗar wurin ta rikiɗe ta yi kama da ta hanji. Cikin masu ita, waɗanda tasu ke zama sankara ba su kai 1 cikin 100 a shekara ba.

3/ Wani ya ce "farkon sankara". A'a, Malam. Ka faɗa wa mara lafiya haka, ka hana shi barci a kan abin da bai same shi ba.

4/ Wata ta kawo "jajibirin sankara". Ya yi daɗi a baki, har na kusa amincewa. To amma jajibiri alkawari ne: gobe lallai akwai biki. Ita kuwa wannan, yawancin masu ita ranar sankarar ba ta zuwa.

5/ Ni dai na tsaya a kan "hadarin sankara", hadari na sama. Yakan haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi ba ɗigo. Wanda wayarsa ba ta da ɗ mai lanƙwasa zai karanta shi haɗari, kuma ko shi bai ɓata hanya sosai ba.

6/ Kalmar ta kuma dace da batun magungunan kashe zafi da kumburi, irin su asfirin da ibufurofen. Wani babban gwaji da aka fitar a 2018, kan masu cutar Baret fiye da 2,500 a Birtaniya da Kanada, ya nuna asfirin tare da maganin rage tsamin ciki mai ƙarfi na iya jinkirta rikiɗar wannan hadari zuwa sankara. Sai dai irin su asfirin ɗin ne kuma ke jawo gyambon ciki da zubar jini, don haka ba abin da mai ƙwannafi zai fara sha da kansa ba ne, sai likita ya auna.

7/ Saura su kansu magungunan. "Mai kashe zafi" kaɗai ya kwaso har farasitamol, alhali shi ba ya taɓa kumburi. Wa ke da gajeren suna?