Yadda mawaƙiya Balarabiya ke fita kasuwar duniya: abin da masana harkar suka tattauna

Abin da aka fi jaddadawa shi ne suna. Sunan Larabci yana rubutuwa da boko hanya uku ko huɗu, to mawaƙiya ta tsayar da ɗaya tun waƙar farko. In ba haka ba, Spotify, manhajar sauraren waƙoƙi, kan raba waƙoƙinta shafi biyu, masu saurare su rarrabu, kuɗin ma ya bi wata hanya. Kowace waƙa ta samu lambarta ta ISRC, wato lambar shaida ta duniya da ke bambanta kowace waƙar da aka naɗa, a kuma yi rajistar mallaka da ƙungiya mai karɓar wa masu waƙa kuɗin haƙƙinsu, irin SACEM ta Faransa, a rubuce, da kason kowa. Nan ake yawan cutar mata, da alkawarin baka.

Waƙa ta isa wurin editocin Spotify, masu zaɓar waƙoƙin da ke shiga jerin waƙoƙin manhajar, aƙalla kwana 7 kafin fitarta; wata guda ya fi.

Sauya harshe ba dole ba ne. Elyanna, mawaƙiya 'yar asalin Falasɗinu, ta rera da Larabci zalla a Coachella, babban bikin waƙa na Amurka, a 2023, Emel Mathlouthi ta Tunisiya ma da Larabci ta rera a bikin Nobel na Oslo a 2015.

Masu shirya bukukuwa kuwa, ana samunsu a tarukan 'yan harkar waƙa irin su Visa For Music na Rabat, a Maroko, da WOMEX na Turai. Bizar wasa a Amurka tana cin watanni, kuma ta yawon buɗe ido ba ta halatta hawa dandali don kuɗi.