"Riyakshan": martani ne, raddi ne, ko taya kallo?

Jama'a, ku taya ni duba wannan kalma da muka aro daga Turanci, wato reaction. "Riyakshan" ta zauna mana a baki, har idan wani ya ce ya ga riyakshan ɗin wane a YouTube babu mai tambayarsa me yake nufi. To amma in za ka rubuta a jarida ko ka karanta a rediyo fa? Yawancin masu fassara "martani" suke mannawa su wuce. Ni dai ban gamsu ba.

Matsalar ita ce abubuwa biyu ake kira da sunan nan ɗaya. Ga na farko: mutum ya kunna tallar sabon fim ko sabuwar waƙa, fuskarsa na can a wani ɗan lungu na allo, yana kallo muna kallonsa. A zo wurin ban tsoro ya zabura. A kashe jarumin ya dafe kai da hannu biyu, ya tsayar, ya ɗan koma baya, ya sake kallo baki buɗe. Bidiyon zai ƙare bai faɗi maganar da za ka riƙe ba.

Ga na biyu: mai sharhin finafinai ya saki bidiyon minti arba'in yana cewa fim ɗin da kowa ke kambamawa labarinsa a warwatse yake. Kafin ka ce kwabo wani ya ɗauko bidiyon nasa, ya sa kaɗan ya tsayar, ya ce "nan bai faɗi gaskiya ba, tun farkon fim aka yi bayanin wannan, shi ne bai kula ba," har ya sako wurin a gani. Shi ma riyakshan ake ce masa.

A Hausa sai an yi da kai kake mayar da martani. An zarge ka, an taɓa ka, an aiko maka da magana. Na biyun ya shiga nan, ba musu. Na farkon kuwa wa ya yi da shi? Tallar fim ba ta ce masa ci kanka ba.

Don haka na farkon nake cewa mu kira shi taya kallo. Muna da taya hira, taya murna, taya jimami, taya kwana. Wanda ya zo taya ka kwana ba gadi aka ɗauke shi ba, zamansa kusa da kai shi ne aikin. Haka mai irin wannan bidiyo yake. Ka riga ka ga fim ɗin, ka san abin da zai faru nan da minti biyu, kana so ne kawai ka ga fuskar wanda bai sani ba idan an zo wurin. Kuma kalmar tana juyuwa yadda ake so: ɗan taya kallo, 'yar taya kallo, 'yan taya kallo, bidiyon taya kallo. Gwada juya martani haka ka ji. "Ɗan martani" ko a kunne ba ta zauna ba.

Na biyun kuma raddi. Mun daɗe da ita, kuma kowa ya san raddi ba ihu ba ne, bin magana ne ɗaya bayan ɗaya ana warware ta da hujja. Martani na iya zama kalma biyu, raddi sai an zauna.

Wata ƙanwata ta rubuto a ƙasa: "Yaya, taya kallo ta yi kama da raini. Akwai likitoci da lauyoyi da malaman waƙa da ke yin irin wannan, suna tsayarwa suna bayani mai amfani. Su ma 'yan taya kallo ne?"

Tambayarki ta yi, ƙanwata. A'a, ba su ba ne. Likitan da ya tsayar da fim ya ce ba haka ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya ba, ya nuna yadda ake danna ƙirji, ya bar taya kallo ya koma sharhi. Sai mu ce likita ya yi sharhi a kan fim kaza, shi ke nan. Ba dole ba ne duk abin da Turanci ya tara a kalma ɗaya mu ma mu tara shi.

Wannan iyaka ma ba ni na fara shata ta ba. A 2017 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a ƙarar da Matt Hosseinzadeh ya shigar da Ethan da Hila Klein, masu tashar h3h3Productions a YouTube, saboda sun yi amfani da sassan bidiyonsa suna yi masa shaƙiyanci. Mai shari'a Katherine Forrest ta ba su gaskiya, don sun cika abin da sharhi da suka. Amma ta yi togaciya: hukuncin bai shafi kowane bidiyo mai wannan suna ba, domin wasu sun fi kama da taruwa a yi kallo tare ba tare da wani sharhi ba. Kun ji fa. Kotu ma sai da ta raba su, mu me zai sa mu haɗa?

(Abin dariya, ita kanta kalmar an taɓa yunƙurin mallake ta. A farkon 2016 aka ji cewa wasu 'yan uwa biyu, Benny da Rafi Fine, masu shirin nuna wa yara bidiyo a ɗauki yadda suka ji, sun nemi yi wa React rajista a matsayin tambarin kasuwancinsu. Jama'a suka yi musu ca, masu bin tasharsu suka riƙa ficewa, cikin 'yan kwanaki suka janye suka ba da haƙuri.)

Wani malaminmu ya ce: "Kafin ku kai ga mai raddi, shi wanda ake yi wa raddin me kuka kira shi? Muna da tarke a jami'a, wato feɗe aikin adabi a fito da kyansa da muninsa, mai yi kuma matarki. Don me za ku bar ta?"

Allah ya gafarta Malam, ba mu bar ta ba, kuma ta fi "mai suka" nesa ba kusa ba. Ni "mai suka" ce ma nake so a kora gaba ɗaya. Suka a Hausa ba ta da gefen yabo, alhali mutumin nan yakan yaba fim uku kafin ya kushe ɗaya. Da ka kira shi mai suka ka riga ka ba masoyan fim ɗin makami, su kuwa dama can maƙiyi da mahassadi suke ce masa. Sai dai matarki har yanzu ba ta fito daga aji ba. Ina ga mai sharhi ta ishe mu a yau da kullum, a ajiye tarke ga masu bidiyon awa biyu da ke feɗe fim tun daga rubutun labari har haɗa hoto da sauti.

Saura na ukun da ban ambata ba da farko, wanda shi ya fi damun masu sharhi. Ba mutum ɗaya ne ya zauna ya amsa ba. Dubban masoya ne ke afka wa bidiyon a dare ɗaya, suna danna alamar ƙi, suna zagi a ƙasa, wasunsu ko minti ɗaya ba su kalla ba, kan bidiyon kawai suka karanta. Abin ya yi yawan da a Nuwamban 2021 YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka danna ƙi, ya ce don kare masu tashoshi daga irin wannan hari ne. Shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyi a kan finafinai, kuma tun a 2019 ya hana 'yan kallo rubuta ra'ayi a kan fim ɗin da bai riga ya fito ba. Wannan ba sai mun ƙirƙiro komai ba, rubdugu ne. Wasu sun ce taron dangi. Ita ma ta yi, amma na fi son rubdugu saboda waɗannan mutane ba su san juna ba, ganin ana duka ne ya sa kowa ya kawo nasa hannun.

Mu gwada su a jimla mu ji ko za su tsaya: wance ta yi sharhin fim ɗin, wane ya yi mata raddi, 'yan taya kallo suka ɗauki raddin suna ta zare ido, masoyan jarumin kuma suka yi mata rubdugu. In akwai wanda bai gane wa ya yi me ba, ya yi magana.

Wani abokina ya ce "ɗan taya kallo" ta yi tsawo ga kanun labari, a gajarta ta zuwa "ɗan tayi". Haba abokina! Ɗan tayi ai shi ne wanda ke cikin mahaifa. A bar ta da tsawonta.