Taƙaitawar shawarwari kan haɗa katin hoto biyu da allo da yawa

Ga abin da aka tattara daga muhawarar masu wasan kwamfuta na Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari.

1. Kusan kowa ya yarda cewa katin hoto (na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta) guda mai ƙarfi ya fi biyu matsakaita. Fasahar SLI ta kamfanin NVIDIA da CrossFire ta kamfanin AMD, masu haɗa katunan hoto su yi aiki tare, sun ja baya, sababbin wasanni ƙalilan ne ke amfani da su, kuma NVIDIA ta cire NVLink, mahaɗin da ke haɗa kati biyu, daga jerin katunanta na RTX 40. An kuma tunatar cewa ma'ajiyar katunan ba ta haɗuwa: kati biyu masu gigabait 8 suna aiki ne tamkar gigabait 8, ga kuma ɗan tsaitsayawar hoto da ke ɓata wasa.

2. Allo uku na 1080p (kowanne mai ɗigon hoto 1920 sau 1080), in an jera su, sukan zama 5760 sau 1080, wato nauyin allo ɗaya sau uku a kan katin, don haka saurin hoto yakan ragu ƙwarai.

3. A nan ra'ayi ya rabu. Masu wasan tseren mota da tuƙin jirgi sun ce faɗin gani ya cancanci kuɗin, wasu kuwa sun fifita allo ɗaya mai faɗi, saboda bakin allunan yana yanke hoto. A ganina hujjar masu allo ɗaya ta fi ƙarfi.

4. Allo na biyu don hira ko karatu ba ya cin ƙarfi sosai.

5. Kati biyu suna shan wuta fiye da abin da ƙaramar inbata za ta ɗauka, sannan zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna wahalar da fankokinsu.