Jirginmu zai kwana a Idfu: yaya za mu tsara saukarmu cikin gari?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum. A watan Janairu mai zuwa, in Allah ya yarda, zan raka mahaifiyata Alƙahira domin a duba mata ido, kuma da yake akwai tazarar kwanaki tsakanin ganin likita na farko da na biyu, mun yanke shawarar shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido a kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan. A takardar tsarin tafiyar an rubuta cewa jirgin zai kwana a wani ƙaramin gari mai suna Idfu, washegari kuma fasinjoji za su sauka su yi ziyara, amma ba a faɗi ƙarfe nawa za a sauka ko ƙarfe nawa za a tashi ba.

Mu uku ne, da ni da maiɗakina da Hajiya, wadda ta haura shekara 70 kuma gwiwa ba ta barin ta yi doguwar tafiya a ƙasa. Hajiya tana son ganin gine-ginen mutanen dā, maiɗakina kuwa burinta ta shiga kasuwar gari ta ga yadda talakawan wurin suke rayuwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar: shin yinin zai ishe mu duka biyun? Ya fi dacewa mu bi ayarin jirgi da jagoransa, ko mu fita da kanmu? Yaya kuma batun abinci da salla?

Ɗalibi a Alƙahira ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Abu na farko da ya kamata ka gyara a lissafinka shi ne wannan yini da kake zato, domin jiragen da ke tashi daga Luksor ba sa ba Idfu yini guda. Yawanci sukan bar Luksor da rana, su iso madatsar Isna, inda jirgi yake shiga wani ƙuntataccen wuri mai ƙofofi a ɗaga shi da ruwa kafin ya ci gaba, kuma a lokacin sanyi da jirage suka yi yawa akan yi layi a wurin na sa'o'i. Saboda haka sai dare ya yi nisa ake isa Idfu, a tashe ku da asuba, a kai ku haikalin garin, wato tsohon ginin bautar Masarawan dā, a dawo da ku kafin hantsi ya ɗaga, domin jirgin yana son ya isa Kom Ombo, wadda ke da nisan kimanin kilomita 65 a kudu, kafin rana ta faɗi. Abin da zai shigo hannunku bai fi sa'a biyu zuwa uku ba. Da zarar kun shiga jirgi a Luksor, ka tambayi ma'aikatan teburin karɓar baƙi lokacin sauka da na tashi, ka sake tambaya a daren da za ku kwana a Idfu, domin layin Isna yana iya sauya komai.

Idan lokacin ya kasance haka, ni a ganina haikalin ne ya cancanci a ba shi. Ba a sami wani haikalin Masar ta dā da ya tsira da rufinsa da bangayensa kamar wannan ba, kuma dalilin tsirarsa yana da ban mamaki: yashi da ƙasar da kogi ya tara ne suka binne shi, har mutanen gari suka gina gidaje a kansa, sai a shekarar 1860 wani Bafaranshe mai suna Auguste Mariette ya soma aikin tono shi. An aza harsashinsa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a zamanin sarki Batlamus na Uku, ba a gama shi ba sai a shekara ta 57 kafin haihuwar tasa, wato aikin shekara 180. Wannan yana nufin ba daga zamanin fir'aunonin farko yake ba. Sarakunan da suka gina shi Girkawa ne, zuriyar ɗaya daga cikin kwamandojin Iskandar Mai Girma, sarkin da ya ci Masar da yaƙi, waɗanda suka riƙe tsarin ginin Masarawa domin samun karɓuwa a wurin jama'a da limaman bautarsu.

Ƙofar gaba tana da tsawon kimanin mita 36, kuma bayan an wuce ta akwai fili mai ginshiƙai inda za ku ga mutum-mutumin shaho na dutse, alamar Horus, abin bautar da aka gina wa wurin. A nan kowa yake tsayawa ɗaukar hoto, a nan ne kuma ake ɓata rabin lokaci. Ina ba ku shawara ku wuce ciki kai tsaye tun jama'a ba su cika ba, ku ɗaga kai ku dubi rufin da hayaƙi ya baƙanta, ku lura da fuskokin da aka farfasa da kurfi a jikin bango, aikin da ake dangantawa da Kiristocin farko bayan da daular Rum ta hana bautar gumaka a shekarar 391. Akwai kuma matakalar da ke gangarawa zuwa ma'aunin ruwan Nilu, wanda da shi ake sanin yawan ambaliyar shekara, a kuma ƙiyasta harajin da za a ɗora wa manoma. Hoton shaho kuwa sai a kan hanyar fita, lokacin da layinsa ya ragu.

Game da tikiti, idan yana cikin kuɗin da kuka biya, jagora ne zai riƙe shi. Idan ba ya ciki, ka sani cewa tun shekarar 2023 manyan wuraren tarihi na Masar suka koma karɓar kuɗi ta katin banki, don haka ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasar waje tun kafin ka baro gida.

Maman Sadiƙ ta amsa:

Baban Ummi, Allah ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifiya. Ɗan'uwanmu ɗalibi ya yi bayanin ginin, ni kuma zan tsaya a kan jikin Hajiya, domin wahalar Idfu ga dattijo tana farawa ne tun kafin a taka ƙasa. Matsayar garin ba ta ɗaukar jiragen duka, shi ya sa suke jeruwa gefe da gefe, uku ko huɗu ko fiye, kuma idan naku ne na can waje sai kun ratsa ta cikin zaurukan sauran kafin ku kai ga katakon da aka shimfiɗa zuwa gaɓa, sannan ku hau matakala zuwa titi. Tsakanin jirgi da jirgi akwai ɗan tsallake da dokin ƙofa mai tudu. Ka riƙe hannunta, ka bari gaggawar mutane ta wuce, kuma ka karɓi katin da ake ba kowane fasinja a ƙofa, domin da shi suke ƙirga waɗanda suka dawo. Ka kuma haddace sunan jirginku, saboda kafin ku dawo ana iya sauya masa matsayi a jeri.

Daga gaɓa zuwa haikali an saba ɗaukar baƙi a keken doki. Kujerarsa tana da tsawo, hawansa ba sauƙi ga mai ciwon gwiwa, kuma wasu masu keken suna tseren juna domin su yi sawu da yawa kafin jirage su tashi. Lokacin da muka je, na ga dawakin da ƙasusuwansu suka fito, har zuciyata ta ƙi amincewa in hau. Saboda koke-koken irin wannan ne wasu kamfanoni suka koma amfani da ƙananan motoci, kuma akwai adaidaita sahu a garin. Ka nemi jagora tun daren ya sama wa Hajiya mota. Idan dole sai keken doki, ka zaɓi dokin da ya ƙoshi, ka riƙe lambar keken, a yi ciniki na zuwa da dawowa tun kafin a hau, kuma kada ka biya sai an maido ku gaɓa. Duk da haka za a nemi ka ƙara wani abu a ƙarshe, wannan al'adar wurin ce, sai ka tanadi ƙananan takardun fam na Masar a aljihu daban.

Kada sunan Masar ya sa ku zaci zafi. Asubahin Janairu a bakin Nilu yana da sanyi irin na tsakiyar hunturu a Jos, sai rana ta ɗaga sannan a cire rigar sanyi. A cikin haikalin daɓen dutse ne da ya sha tafiya, wani wurin ba daidai ba, ɗakunan ciki kuma da duhu. Hajiya ta sa takalmi mara santsi, kuma idan ta gaji ta huta a filin gaba, wanda daga nan ma ana ganin girman wurin sosai. Abinci kuwa ba abin damuwa ba ne, domin za ku karya kumallo a jirgi, a nan kuma za ku ci na rana. Asuba za ta same ku a ɗakinku, azahar kuma kuna kan ruwa.

Tsohon Ɗan Tireda ya amsa:

Ban ƙi abin da ɗalibi da Maman Sadiƙ suka faɗa ba, amma ina ganin an manta da uwargida, alhali buƙatarta ba ƙarama ba ce. Rumfunan da aka jera a hanyar fita daga haikali ba kasuwar Idfu ba ce. Layi ne da aka tsara domin baƙo, inda ake sayar da jallabiyoyi da gyale da gumakan roba a kan farashin da ɗan gari ba zai saurara ba. Wanda ya ga wannan layin kawai ya koma jirgi zai tafi da mummunan zato game da mutanen da bai ma gamu da su ba.

Idfu gari ne na manoman rake. Akwai masana'antar sukari a yankin, kuma Janairu kakar sara ce, don haka za ku ga taraktoci da amalanke maƙare da rake suna wucewa. A titunan da ke tsakanin gaɓa da haikali akwai masu matse ruwan rake a gabanka, da masu suyar ƙosan wake, da shagunan da ake auna zoɓo da goruba da dabino, kayan da uwargida za ta gane ba tare da tafinta ba. Mutanen kudancin Masar yawancinsu Malikawa ne, saboda haka idan kun shiga masallaci ba za ku ji baƙunta ba. Garin ma yana da tarihin malanta, domin daga nan Ja'afar al-Udfuwi ya fito, malamin ƙarni na 14 da ya tattara tarihin malaman kudancin Masar.

Dabarar da nake gani ita ce ku raba lokacin. Idan jirgi ya iso da wuri a daren, to shagunan Masar ba sa rufewa da wuri, sai kai da uwargida ku sanar da ma'aikatan jirgi, ku fita ku zaga titin bakin kogi da na cikin gari, Hajiya tana hutawa, da safe kuma ku tafi haikali ku uku. Idan dare ya yi nisa kafin ku iso, uwargida ta haƙura har Aswan, inda kasuwar ta fi girma kuma jirgi yake daɗewa a tsaye. Kom Ombo ba za ta biya mata wannan buƙata ba, domin haikalin can yana bakin ruwa ne nesa da cikin gari, ko da yake shi ne zai fi yi wa Hajiya sauƙi, tunda daga jirgi taku kaɗan ne, ga kuma ɗakin ajiyar kadojin da aka busar tun zamanin dā a gefensa.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta ce mota take so, ba ta hawa doki da tsufanta. Saura tambaya ɗaya da ke damuna: idan muka ware daga ayari saboda tafiyarta a hankali, har muka makara, shin jirgi zai jira mu? Idan kuma ya tashi, yaya za mu yi?

Ɗalibi a Alƙahira ya sake amsawa:

Idan kuna cikin ayari, Malam, jagora ba zai bari a tashi ba tare da ku ba, domin katunan ƙofa za su nuna ba ku dawo ba, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin da safe ku tsaya tare da shi, ku sanar da shi tun farko cewa Hajiya za ta riga kowa juyowa. Wanda ya fita da kansa kuwa za a ɗan jira shi, amma ba da yawa ba, saboda jirgin da ke jikin gaɓa yana tare wa wasu hanya, kuma kowa yana son samun matsayi a Kom Ombo. Ka riƙe lambar wayar jagora da ta teburin karɓar baƙi, da kwafin fasfo ɗinku, da layin waya na Masar. Idan har jirgi ya tashi, mota ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, domin tafiyar da zai shafe sa'o'i yana yi da fuskantar ƙarfin ruwa, mota za ta yi ta cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Sai ku ɗauki shatar tasi a cikin gari, ku haye gadar Idfu zuwa gabashin kogi, ku bi titin Aswan, ku jira shi a matsayar Kom Ombo. Magungunan Hajiya na yinin su kasance a jakar hannu, kada a bar su a ɗaki.