Abin Da Aka Ce Kan Saiwar Sanya

Jiya bayan la'asar, a majalisarmu ta Unguwar Rogo a Jos, hira ta faɗa kan saiwar bishiyar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna. Baba mai magani ya kankare ɓawonta, ƙamshin man zafi ya game wurin. Sinadarin da ke ba da ƙamshin nan dangin asfirin ne, shi ya sa ake shafa ta a gaɓoɓi masu ciwo.

Wajen sha aka fi jan kunne, domin idan ta yi yawa guba ce. Mai juna biyu kada ta kusance ta, balle ta yi matsi da ita. An rasa rayuka ta haka, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Mai gyambon ciki ma ya haƙura. Saran maciji kuwa, kada a dogara da ita, a garzaya asibiti.